Sau uku muna zuwa gidan Onarabul, kuɗin mai kawai muke dawowa da shi

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu, ba zan faɗi gari ba kar abin ya koma siyasa. Asibitin sha-ka-tafi ɗin da muke da shi tun daminar bara iska ta yaye rufin ɗakin haihuwa, in hadari ya haɗo sai dai a jera bokitai, ungozoma ɗaya ce kuma ba ta kwana, in naƙuda ta zo wa mace da dare sai an bi gida gida ana buga wa mai adaidaita ƙofa. Mun je gidan ɗan majalisarmu na jiha sau uku. Zuwan farko ba mu gan shi ba, a rumfar ƙofar gida muka wuni tun hantsi har la'asar. Na biyu mun gan shi kuma wlh ya karɓe mu hannu bibbiyu, har yake ce mana a asibitin aka haifi ƙanwarsa, ya ce in sha Allahu, da muka miƙe yaronsa ya biyo mu da ambulan ta kuɗi wai a sha mai. Na uku ma haka, sai dai ambulan ɗin ta fi ta baya kauri. Yau wata 7 ko kwano ɗaya ba a kawo ba. Waɗanda suka taɓa sa ɗan majalisa ya yi abu, ta ina kuka bi?

Sarkin Yaƙin Talakawa:
Wa'alaikumus salam. Kun karɓi ambulan ɗin?

Baban Hanifa:
Shugaba ne ya karɓa, ya ce mayarwa rashin kunya ne tunda da dattawa muka je.

Sarkin Yaƙin Talakawa:
To ai magana ta ƙare Malam. Baki ya ci ido ya ji kunya. Shi a lissafinsa ya gama da ku, ya biya. Kuma ma tsaya, wane ɗan majalisar jiha? Waɗannan ai 'yan amshin shata ne, abin da gidan gwamnati ya rera shi suke amsawa. Ku duba Kano kawai, a 2019 cikin 'yan kwanaki aka yi dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye, a watan Mayun 2024 kuma aka soke ta, a rana ɗaya majalisa ta gama gwamna ya sa hannu. Ni ba ina cewa wanne ne daidai ba, kar 'yan ɓangare su taso min, saurin nake nuna muku. In mai gida yana so kafin azahar an gama, in talaka ke so sai jikansa ya gani. Ku nemi wanda ya san gwamna kawai ku huta.

Kwamared Ɗan Gwagwarmaya:
Ku ɗauki bidiyon bokitan nan ranar da ake ruwa ku saka a Facebook da TikTok ku kira sunansa ɓaro ɓaro, ku turo min ni zan yaɗa. Kwana biyu zai zo da kansa. Mutanen nan kunya kawai suke tsoro, ita ma ba ta Allah ba ta kyamara.

Baba Akawu:
Salamu alaikum. Ɗana Baban Hanifa, na yi shekaru ina aiki a majalisar dokokin wata jiha har na yi ritaya, a kwamitoci na fi daɗewa, bari in faɗa maka abin da idona ya gani. Kwamared ka ɗan riƙe bidiyonka tukuna, yana da ranarsa.

Tambaya ta farko, da kuka je me kuka bar masa a hannu? In baki kawai kuka kai to kafin motarku ta bar layin ya manta, ba don mugunta ba, a ranar kaɗai wataƙila mutum 60 sun gan shi, mai suna, mai takardar magani, mai neman aikin ɗansa, mai kuɗin makaranta. Gidan ɗan majalisa wurin roƙo ne, duk wanda ya shiga da rigar roƙo ake kallonsa, shi ya sa aka ba ku abin da ake ba mai roƙo. Majalisa kuwa takarda take ci. Ku rubuta takardar koke shafi ɗaya, kar ta wuce, da sunan ƙungiya, zuwa ga Kakakin Majalisa ta hannun Akawun Majalisa, kwafi ga ɗan majalisarku, kwafi ga shugaban kwamitin lafiya. Ku kai da kanku ofishin karɓar wasiƙu, ku riƙe fotokwafi a buga muku hatimi da kwanan wata a kai. Wannan hatimin shi ne sandarku. Ranar da wani zai ce bai san da maganar ba sai ku zaro.

Na biyu, me kuka roƙa? "A taimaka mana da asibiti" ba roƙo ba ne, kuka ne. Ɗan majalisa ba shi da kwano ba shi da kafinta, ba ya ɗaukar ungozoma aiki. Abin da ke hannunsa uku ne, ya tashi a zauren majalisa ya gabatar da batun, ya sa a saka shi a kasafin kuɗi, ko ya sa kwamiti ya kira hukumar da abin ya shafa ta zo ta yi bayani. Ku zaɓi wanda kuke so ku faɗa masa da sunansa.

Baban Hanifa:
Baba Allah ya ƙara girma, gsky ko takarda ɗaya ba mu kai ba. To cikin ukun wanne ya fi?

Baba Akawu:
Wanda ya fi daɗin ji shi ne na farko, kuma shi ya fi yaudara. Zai tashi ya kawo ƙuduri na gaggawa, abokinsa ya goya masa baya, a buga guduma, majalisa ta yi kira ga gwamnati da ta gyara asibiti kaza, da daddare ku ji sunan unguwarku a rediyo ku yi ta murna. Amma wannan kira ne kawai, ba doka ba ce, bai ɗaure gwamna ba. Na rubuta irin waɗannan wasiƙun zuwa ofishin Sakataren Gwamnati ba adadi, da yawa ko amsa ba a yi. Amfaninsa ɗaya, ya zama shaida a rubuce.

Mai nama shi ne kasafi. Kuma nan ne mutanenmu suke yin ihu bayan hari, sai gwamna ya kai kasafi majalisa wajen ƙarshen shekara sannan ƙungiyoyi su farka. Alhali tun tsakiyar shekara ma'aikatar kasafi take aika wa ma'aikatu takarda kowa ya kawo abin da yake so a baɗi. A lokacin ya kamata sunan asibitinku ya shiga jerin hukumar lafiya matakin farko ta jiha, in ya shigo daga can ɗan majalisarku aikinsa kawai ya tsare shi kar a cire ranar kare kasafi. In bai shigo ba akwai ƙofa ta biyu, lokacin da kwamitoci suke zama da ma'aikatu, da ranar jin ra'ayin jama'a in majalisarku tana yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan ku san sakataren kwamitin lafiya. Ma'aikaci ne kamar yadda nake a da, ba ɗan siyasa ba, Onarabul ya zo ya tafi shi yana nan. Shi ya san ranar da za a zauna, shi yake jera takardu a gaban shugaba, shi yake rubuta rahoto. Ba cewa na yi ku ba shi komai ba fa, gaisuwa da mutuntawa da kawo takarda a kan lokaci sun isa. Mu abin da ke ba mu haushi shi ne a wuce mu kamar kujera a tafi neman mai babbar riga, sai an rasa shi a dawo ana Baba dan Allah.

Sarkin Yaƙin Talakawa:
Baba da girmanka amma ko an saka a kasafin sai me? Nawa aka saka ba a saki kuɗin ba? Takarda ce kawai ake bugawa a kai wa Bankin Duniya ya gani.

Baba Akawu:
Gaskiyarka ɗana, shiga kasafi daban sakin kuɗi daban, sai gwamna ya amince kuɗi ke fita. Amma abin da ba ya cikin kasafi ko kwamishina yana so zai ce maka babu layin da zai ciro kuɗin. Wanda ke ciki kuwa kana da lamba da shafi da za ka riƙa nunawa. Wanne ka fi so ka riƙe?

Maman Sadik:
Slm. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, bari in ɗan sa baki ta ɓangarenmu. Baban Hanifa kafin ku tafi majalisa ku zauna da inchajin asibitin ku tambaye ta ko asibitinku yana cikin waɗanda ke samun kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kawo, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ake warewa, kuma tsarin shi ne a kowace mazaɓar kansila a samu asibiti ɗaya da kuɗin ke shiga asusunsa kai tsaye. Ba wani kuɗi ne mai yawa ba, ba zai yi rufi gaba ɗaya ba amma yana yin ƙananan gyara, kuma kwamitin ci gaban mazaɓa yana da bakin magana a kan yadda ake kashe shi. Da yawa 'yan unguwa ba su ma san akwai wannan kwamitin ba, sai ka ga mutum uku ne suka naɗa kansu shekara da shekaru.

Kuma dan Allah in za ku rubuta takardar ku sa lissafi daga rajistar asibitin, mata nawa suka zo awo a wata, nawa suka haihu a nan, nawa aka tura gaba da dare. Inchaj ba za ta iya zuwa majalisa ta yi magana ba, ma'aikaciyar gwamnati ce, gobe sai ta ji an mayar da ita wani ƙauye, to kar ku sa sunanta a ko'ina. Ku ne bakinta. Wannan ma shi ya sa ban goyi bayan bidiyon Kwamared yanzu ba, in ya fita wanda za a fara tuhuma ita ce, wa ya ba su izinin ɗauka.

Kwamared Ɗan Gwagwarmaya:
Anti na ji, amma ku tuna dokar rage shekarun takara ba da lallashi aka same ta ba. Sai da matasa suka yi tattaki zuwa majalisar tarayya, sannan da yake gyaran tsarin mulki ne dole sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, aka bi su jiha jiha ana wallafa wa ya yarda wa ya ƙi, har Buhari ya sa hannu ranar 31 ga Mayu 2018. Yau ɗan shekara 25 zai iya tsayawa takarar majalisar jiha, da sai 30. Da takarda shafi ɗaya suka kai suka koma gida suna jira da har yau ana nan.

Lauyan Unguwa:
Kwamared misalinka mai kyau ne amma ka ɗauki rabinsa ka bar rabi. Su waɗancan matasan na ƙungiyar YIAGA, wadda ta jagoranci fafutukar, da abokansu kafin su fito titi suna da rubutaccen ƙuduri, suna da wanda ya ɗauke shi a majalisar wakilai, Tony Nwulu, da wanda ya ɗauka a dattawa, Abdul'aziz Nyako, kuma abin da suke nema ƙwaya ɗaya ne da kowane ɗan majalisa zai amsa da e ko a'a. Surutun ya yi aiki ne saboda akwai takarda a kan tebur da ake jiran ƙuri'a a kanta. Kai kuma so kake a fara da surutun alhali ba a ajiye komai ba, in ya fito ya ce shi ba wanda ya taɓa rubuto masa, ƙarya ya yi?

Tunda an zo nan bari in ƙara wa Baban Hanifa 'yan abubuwa daga kundin tsarin mulki na 1999 don in kun zauna da shi ya san kun san abin da kuke yi. Sashe na 128 ya ba majalisar jiha ikon bincikar duk ma'aikata ko hukumar da ke kashe kuɗin da ta ware, na 129 ya ba ta ikon kiran mutum ya bayyana a gabanta. Wato kwamitin lafiya zai iya kiran shugaban hukuma ya zo ya faɗi dalilin da ɗakin haihuwa yake ba rufi, kuma su kansu 'yan kwamitin za su iya zuwa su gani da idonsu. Ni da ni ne ku wannan zan roƙa, a kawo kwamiti ziyarar gani da ido, ba ya cin ko kwabo daga aljihun Onarabul, kuma zai samu hoto. Sannan kar Turanci ya tsorata ku, sashe na 97 ya yarda majalisar jiha ta yi aiki da harshen da ake yi a jihar bayan Turanci in ta amince da hakan, ku rubuta da Hausa ku haɗa da fassara.

Sarkin Yaƙin Talakawa:
Barista bar wannan dogon Turancin, a yi masa kiranye kawai.

Lauyan Unguwa:
Hhhh Sarki kiranye a baki yake da sauƙi. Sashe na 110, sai fiye da rabin duk masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu, ba rabin waɗanda suka fito zaɓe ba fa, sannan INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Ka tuna na Sanata Dino Melaye a Kogi, ranar tantancewa a 2018 waɗanda aka tabbatar ko kashi 6 cikin 100 na masu rajista ba su kai ba. Mazaɓar da a ranar zaɓe ma da ƙyar ake fitowa ina za ka tara rabi. In ka yi wa ɗan siyasa barazanar da ya san ba za ka iya ba ka rage wa kanka kwarjini ne kawai.

Hajiya Uwar Marayu:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, jikata ce take rubuta min. Ni abin da zan ƙara shi ne wa kuka tafi da shi, kuma da wane baki kuka yi magana. Ku dubi dokar yara, tarayya ta yi tata tun 2003, amma Kano sai a watan Mayun 2023 aka sa hannu, shekara 20. Mu da muke harkar marayu mun sha zama a kan irin wannan a jiharmu. Shekarun farko 'yan ƙungiyoyi suna zuwa da kati a wuya da Turanci a baki suna cewa 'yancin yara, ɗan majalisa yana jin haka sai ya ga limamin garinsu a idonsa, ya ce a kai kasuwa. Ba ƙin yara yake ba, tsoron mumbari yake. Sai da aka koma aka zauna da malamai da masu sarauta aka bi abin sashe sashe, wanda ya ci karo da addini aka gyara, sunan ma a wurare da dama ya koma kare yara, sannan aka samu hanya. Haka dokar gwajin lafiya kafin aure da Kano ta yi a 2024, da likitoci kaɗai ne suke magana kuna ganin za ta wuce? Ai wanda zai ɗaura auren shi ne zai tambayi takardar.

To ku ma asibitin haihuwa kuke magana amma na tabbata duk maza kuka je. Ina matan? Ku samu mata biyar waɗanda suka haihu a hanya ko a cikin adaidaita, da ungozomar gargajiya ta unguwa, da shugabar matan jam'iyyarsa ta mazaɓar in za ta yarda, ku sa liman da mai unguwa a gaba. Ɗan majalisa ya san wa ke tsayawa a layi tun asuba ranar zaɓe, ba ku masu shadda ba ne.

Baban Hanifa:
Hajiya wlh kamar kina wurin, mu 9 muka je duk maza. Allah ya saka da alheri.

Yaron Oga:
Ni ina aiki da wani ɗan majalisa, ba naku ba ne Baban Hanifa kar a ce, kuma ba kare su na zo yi ba amma ku ji ta ɗaya ɓangaren. Wayar oga ni nake riƙewa, kafin sallar asuba an fara kira, kuma cikin kira 10 da ƙyar ka samu ɗaya da ya shafi al'umma, sauran duk na aljihu ne. Ranar da wata ƙungiya ta zo da takarda ta ce mu ba kuɗi muke so ba ga abin da muke so ka faɗa a zaure, har sun rubuto masa bayanin da zai karanta da alƙaluma, wlh oga har mamaki ya yi, don yawancinsu ba su da masu yi musu bincike, mu ne dai, mu kuma kun san karatun namu. In ka kawo masa abu a dafe zai ci.

Abu na biyu da mutane ba sa so a faɗa, ku bar masa sunan. In aiki ya zo ku ce Onarabul ne ya kawo, ku yi masa bana, wato ƙyallen talla mai sunansa, ku gode masa a rediyo ko da kun san ku kuka yi wahalar. Ƙungiyoyi da yawa nan suke faɗuwa, shugaban ƙungiya yana so a ce shi ne, to oga yana ganin haka zai ce wannan takara yake shiri, daga ranar an rufe ƙofa. Kuma in a cikin tawagarku akwai wanda ya yi wa abokin hamayyarsa aiki a zaɓen da ya wuce ku bar shi a gida ranar, mu mun san kowa, akwati akwati muke da lissafi.

Maganar ambulan kuma, mu ma in ba mu bayar ba zagi ake, a ce Onarabul marowaci ne ko ruwa bai ba mu ba. In ba kwa so tun kafin a zauna babba a cikinku ya faɗa cikin raha, ranka ya daɗe yau ba a ba mu na mai, rufi muka zo karɓa. Ba wanda zai ji haushi. Mayarwa bayan an miƙo ita ce take zama cin fuska.

Kwamared Ɗan Gwagwarmaya:
Wato mu yi wahala mu kuma yi masa bana. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Wannan ai shi ya lalata su, haƙƙinmu ne fa ba alfarma ba, albashinsa daga ina yake fitowa?

Maman Sadik:
Kwamared matar da naƙuda ta kama ƙarfe biyun dare ba ruwanta da sunan wa ke jikin bana. In rufin zai hau a rubuta sunan kakansa ma.

Kwamared Ɗan Gwagwarmaya:
Na yarda da ke a kan wannan rufin Anti, amma gobe fa? Haka za mu yi ta yi, kowane kwano sai an yi wa mutum kirari? Ni dai ban gamsu ba. Ku tuna Zamfara a 2019, da takardar tsohon gwamna ta fito yana neman a biya shi kuɗin da doka ta ware wa tsofaffin gwamnoni, miliyan 10 duk wata, mutane suka yi caa, nan da nan majalisa ta soke dokar. Ba wanda ya yi wa kowa bana.

Sarkin Yaƙin Talakawa:
Yauwa, kuma me ya sa ta soke da sauri? Saboda gwamnan da ke kai a lokacin yana so, ba jam'iyyarsu ɗaya da wancan ba. Ka dawo kan maganata ta farko ke nan.

Baba Akawu:
Ku biyun duk kuna da rabon gaskiya. Sarki, ba na musun cewa gwamna ya fi ƙarfin majalisa a kusan kowace jiha, kundin ya ce in ya ƙi sa hannu cikin kwana 30 kashi biyu bisa uku za su iya tsallake shi, a majalisa mai mutum 40 irin ta Kano 27 ke nan, amma ni har na bar aiki ban ga an yi a wurinmu ba. Sai dai ka lura, gwamna ba ya faɗa a kan rufin ɗakin haihuwa. Abubuwan da yake riƙewa da haƙori kaɗan ne, sarauta, bashi, manyan kwangiloli, ƙananan hukumomi. Sauran ɗaruruwan layukan kasafi ba ya ma karanta su, a tsakanin darakta da sakataren kwamiti da shugaban kwamiti ake gama su. Nan ne ƙungiya irin ta Baban Hanifa take da wurin sa ƙafa. Kuma in ɗan majalisarku ɗan adawa ne ko ba ya shiri da Kakaki, kar ku tsaya a kansa, ku nemi shugaban kwamitin lafiya ko shugaban masu rinjaye ta hannun wanda suke jin kunya, kowane ɗan siyasa akwai mutum ɗaya da ba ya iya ce wa a'a, wani malaminsa ne na allo, wani yayarsa ce.

Kwamared kuma bidiyonka ga lokacinsa. An kai takarda an buga hatimi, an ba su sati huɗu ko shida, an koma an tuna musu a rubuce, shiru. To sannan a je rediyo, irin su Inda Ranka a Kano ai mun ga yadda jami'ai ke rawar jiki in an ambace su, a je da kwafin mai hatimi a hannu, a faɗi kwanan wata, ba zagi ba ambaton jam'iyya. In kun fara zagi sojojin baka za su shigo, cikin kwana biyu maganar ta tashi daga rufi ta koma wane ne ya turo ku.

Admin:
Jama'a a kiyaye, na goge saƙo biyu da aka kama sunan wani ɗan majalisa ana zagi. Ba a wannan zauren ba.

Lauyan Unguwa:
Baban Hanifa in kun rubuta ku turo min ta akwati in duba muku kyauta. Kuma ku nemi kasafin jiharku na bana, yawancin jihohi yanzu suna sakawa a shafinsu na intanet, ku bincika sunan asibitin, kar ku je kuna roƙon a saka abin da an riga an saka tun bara ba a yi ba, don in haka ne maganar ta canza gaba ɗaya, tambayar ta zama ina kuɗin. Masu Tracka, shirin ƙungiyar BudgIT mai sa ido kan ayyukan kasafi, irin wannan bibiyar suke yi, in kun ga yana ciki za ku iya tuntuɓarsu.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai jama'a, na kwafe duka zan karanta a taronmu na daren Juma'a. Barista zan turo in sha Allah. Maman Sadik gobe zan leƙa wajen inchaj, ban ma san ko akwai wancan kwamitin a mazaɓarmu ba. Hajiya maganar mata na riga na faɗa wa mai ɗakina ta ce ita za ta tara su, har tana min dariya wai sai yanzu muka tuna da su.

Saura matsala ɗaya, kuɗin ambulan ɗin biyu. Na farko an raba a mota tun a hanya, na biyun yana wurin ma'aji ba a taɓa ba. Wasu sun ce a sayi leda mai kauri a rufa wa ɗakin kafin ruwa ya sauka, wasu sun ce in muka taɓa shi mun ci, shugaba kuma ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai mayar ba. Baba Akawu ya kake gani?

Baba Akawu:
Ku sayi ledar, ku karɓi rasit, ku rubuta a cikin takardar koken cewa gudummawar da Onarabul ya bayar ranar kaza an sayi leda da ita an rufa na wucin gadi, ana godiya, saura kwano. Ku liƙa fotokwafin rasit ɗin a baya.

Sarkin Yaƙin Talakawa:
Na farkon da aka raba a mota fa, shi ma a rubuta?

Baban Hanifa:
Sarki dan Allah ka bar ni, ni dubu biyu aka ba ni kuma a ranar na zuba wa babur mai da ita.